Fatihar da Aka Shafa a Kantin Larbi

"To, mun daidaita?" in ji Milud, yana kaɗa makullin gida. "Ki ci gaba da biyan banki shekara ukun da suka rage. Ranar da aka gama, rabin gidan naki ne."

"A rubuta," in ji Zuhur.

"Haba, 'yar mutane! Shekara sha biyu muna gado ɗaya, yau sai takarda? Ga Si Larbi nan, a shafa Fatiha."

Larbi mai kanti ya ajiye wuƙar yanka cuku, ya ɗaga hannu aka shafa. Har yau in ya tuna sai ya ji kamar ya sare hannun.

Shi ya fi kowa sanin zancen a layin nan na Kazablanka. Zuhur ma'aikaciyar jinya ce mai albashin gwamnati, don haka da sunanta banki ya ba da rancen. Takardar gida kuwa sunan Milud ta ɗauka, wai namiji ne, kada 'yan uwansa su yi masa dariya. Da aure ya mutu, alƙali ya raba su, amma banki bai raba kowa ba. Duk wata sai a zare dirhami dubu biyu da ɗari huɗu daga albashinta, ita da tsohuwarta Lalla Mbarka suna haya a ɗakin saman rufi, Milud yana miƙe ƙafa a gidan da ake biya wa bashin, a hawa na biyu na benen da suke.

Da ciwo ya kama Zuhur, Larbi ya ga tana hutawa sau uku kafin ta kai sama.

"'Yata, ki ajiye aikin nan mana."

"In ajiye, Baba Larbi, wa zai biya wa sarkin hawa na biyu? Saura wata takwas. Inna za ta sami ɗaki mai taga."

Wata Talata da hantsi Zuhur ta cika, tana zaune bakin gado, takalmin aiki a ƙafa ɗaya.

Ashe rancen yana da inshora: in mai bashi ya mutu, kamfanin inshora ne zai biya sauran. Kafin sadakar arba'in Milud ya karɓo takardar wanke gida daga bashi, ya shigo kanti da dillali suna raha.

"Rabin Lalla Mbarka fa?" in ji Larbi.

"Wane rabi?"

"Wanda ka shafa wa Fatiha a gaban ma'aunin nan, ɗan banza!"

"Si Larbi, girma fa. Wadda na yi magana da ita tana maƙabarta. In kana da takarda, kotu a buɗe take."

"Kai ko kuskus ɗin makokinta ba ka kawo ba! Fitar mini daga kanti, mai cin gumin gawa!"

Milud ya ɗauki zaitun ɗaya daga kwano, ya jefa a baki, ya fita.

Banki ya sami kuɗinsa cif. Milud ya sayar da gida ya sayi mota. Dillali ya ci la'adarsa. Larbi ya rasa bakin da zai sake ce wa wani "na shaida". Lalla Mbarka kuwa tana nan saman rufi, tana zuba wa na'ana'ar Zuhur ruwa a gwangwanin man zaitun, ƙasa da ita baƙi suna sa sabon labule a tagar.