Sandar Jirgin Baba Alfred

"Inci goma sha huɗu," in ji Baba Alfred. "Daga ƙasa za ka rage, amma ba a miƙe ba. Zan nuna maka."

Ya shimfiɗa zanen a ƙofar shagona har ya tare wa masu wucewa hanya. Fari ne da ya koma ruwan ƙasa, mai kusurwa uku, da kauri kamar tamfol. Shekara ashirin ina ɗinki a Tudun Wada, ban taɓa sa almakashi a irinsa ba.

"Baba, in na yanke ba ya komawa fa."

"Na sani. Bum za mu ɗaga. In sanda ta hau sama, dole zane ya ragu."

Bum ita ce sandar da ke kwance a ƙasan zanen jirginsa. Duk unguwa an san jirgin. Baba Alfred mutumin Kaltungo ne, ya yi shekara ashirin da biyu a Ikko yana yi wa wani Bature aiki a jirgin ruwa na shan iska, irin wanda iska ke turawa. Da Baturen zai koma gida, shekarar da aka fito da naira, ya bar masa shi. Kowa ya ce ya sayar. Sai ya ɗoro shi a jirgin ƙasa har tashar Gombe, aka girke shi a kan durom shida a filin da ke tsakanin gidansa da shagona. A garin da ruwan sha ma sai an jira 'yan garuwa. Shekara uku mutane na sayen sababbin babura suna zuba ginin siminti, shi yana goge jirgi da tsumma.

Da ya tafi, matarsa Edna, wadda muke kira Maman Christy, ta leƙo shagon.

"Malam Jibrilla, kada ka biye masa. Tun watan jiya ba daidai yake ba. Ɗazu ya tambaye ni ko ruwa ya janye. Na aika wa Christy a Bauchi, ran Asabar za ta zo ta kai shi asibiti."

Na naɗe zanen na tura ƙarƙashin teburi. Washegari ya dawo da alli a hannu.

"Baba, me ya sa za a ɗaga ta?"

"Ta yi ƙasa. In iska ta juya, tana samun mutum a nan." Ya dafa ƙeyarsa.

"To wa za ta samu a kan durom?"

Ya dube ni kamar ni ne ban da lafiya. "Saboda Edna ne. Zan fita da ita."

Da na gaya mata, ta riƙe haɓa. "Ni? Ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Kuma dube ni, wace sanda ce za ta same ni?" Gajeriya ce ƙwarai.

Ran Laraba ina tsugune ina bin layin allin da ya ja, na miƙe, sai ya cafki hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"George, sunkuya."

"Jibrilla ne, Baba."

Ya sake ni a hankali. Ya dubi titi, ya dubi keken ɗinkina. "To, Tela. Sannu da aiki."

Da yamma na tambayi Maman Christy wane ne George. Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba.

"Ƙanensa ne. Dogo, kamar kai. Ya bi shi Ikko kafin yaƙi, suna aikin tare. Aka aiko mana da takarda wai zazzaɓi ya kashe shi." Hannunta ya tsaya. "Ba a kawo gawa ba. Shi kuma bai taɓa yin zancen ba. Me ya ce maka?"

Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon shinkafar, sannan ta shiga ciki da tiren.

Na rasa abin yi. Mutumin da bai san ranar da ake ciki ba, a lalata masa kaya don ya ce? Amma da na sa tef na auna layinsa, ko rabin inci bai kauce ba. Gefen baya ya fi na gaba raguwa, kuma ya bar wurin kalmasa daidai. Mai ruɗewa ba ya irin wannan awo. Ko kuwa yana yi? Ban sani ba. Ran Alhamis da safe Maman Christy ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yanke masa," ta ce.

Allura huɗu na karya. Ƙarshe da basilla da zaren jima na gama kusurwoyin, yana zaune a benci yana cewa in ƙara ɗinki a nan, in ninka a can. Iro mai walda ya ciro ƙarfen da ke riƙe da sandar, ya mayar da shi sama inda Baba ya sa alama. Yana aikin yana gunaguni. "Ni dai an ce in liƙa, na liƙa."

Bayan an sauko daga Juma'a muka ɗaura zanen. Baba Alfred bai iya hawa tsani ba, aka kawo masa kujera. Daga nan yake ba da umarni, wani da Hausa, wani da Turanci, wani da Tangalanci, mu dai muna ja har zanen ya hau ya buɗe. Masu wucewa suka tsattsaya.

"Tela, tsaya a baya, wajen matuƙi. Miƙe sosai. Iro, tura ta da ƙarfi."

Na ga sandar ta taho. Jikina ya so sunkuyawa, na daure. Ta wuce ta saman hulata, na ji iskarta.

"Ta taɓa ka?"

"Ba ta taɓa ni ba, Baba."

"Inci goma sha huɗu kawai," ya ce. Ba da mu yake ba. Sai na tuna George, dogo kamar ni, na fara shakkar zancen zazzaɓin nan. Da Iro ya fara tattara kayansa, ya ce wa matarsa yana jin sanyi. Ta kama shi suka shiga gida.

Da hantsin Asabar ya cika, a kan kujerarsa, da kofin shayi a gefe. Motar da ta kawo Christy ta iso da azahar. Muka raka su Kaltungo, aka yi addu'o'insu, aka binne shi a gindin dutse. A hanyar dawowa Iro ya tambaye ni ko tsohon ya san abin da yake yi. Na ce masa ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Kwana biyar bayan haka hadarin farko ya taso daga gabas. Zanen yana nan a sama, ba wanda ya tuna da shi. Iska ta cika shi, jirgin ya fara motsi a kan durom, sandar tana kai da komo. Maman Christy ta fito da baƙin ɗankwali.

"Malam Jibrilla, a sauke shi kafin ya kifar da abin."

Na hau. Igiyoyi sun fi bakwai, duk kamarsu ɗaya. Na kwance wata, ba abin da ya faru. Na ja wata, kai da komon sandar ya ƙara tsananta. Sai na ji motsi a tsani, ga ta ta hawo, ta tattare zani da hannu ɗaya. Ta tsaya tana bin igiyoyin da ido daga sama zuwa ƙasa, ta kai hannu kan wata da ke naɗe a gindin doguwar sandar da ke tsaye, ta warware.

Zanen ya zamo a hankali ya taru a ƙafafunmu. Jirgin ya daina motsi. Aka fara yayyafi, ita kuwa tana tsaye a ciki da igiyar a hannu, tana kallon rufin kwanon unguwa.