Fuskar Ajimi

Kafin motar ta kai Jajimaji Bilya ya buɗe kwamfutarsa sau uku a kan cinya, yana jan fim ɗin gaba da baya, na kusa da shi yana leƙe. Shi kansa ya san aikin banza yake yi. Shi ya ɗauki fim ɗin nan, shi ya yanka, shi ya haɗa. Kashi shida ne, kuma babu inda fuskar Ajimi ta fito.

Jiya da hantsi Zaituna, ƙanwar Ajimi, ta kira shi yana shagonsa na gyaran waya a kasuwar Nguru. Ta ce an cire wa mahaifiyarsu Iya Meram yanar ido, yanzu tana gani. Shekara goma sha ɗaya tana zaune cikin duhu, tun Ajimi bai fara gemu ba. Ga ido ya buɗe, ga Ajimi wata takwas a ƙasa, ciwon ƙoda ya tafi da shi. Wayar Ajimi ta daɗe da faɗawa kogi, 'yan takardunsa masu hoto kuma ambaliya ta kwashe.

"Abu ɗaya take ta faɗa, Yaya Bilya," in ji Zaituna. "Wai ai an sa ɗanta a fim, a kawo mata ta ga yadda ya zama."

Fim, wai fim! Shekara biyar ke nan, lokacin yana zaune a Gashuwa, kansa cike da hayaƙi. Labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura ya riƙa cin awakin fadama, suka sa masa suna Kurar Fadama. Kyamararsu waya ce. Ba su da fitila, don haka da rana tsaka suke ɗauka, in ya zo haɗawa sai ya baƙanta hoton ya zama dare. Memori ɗaya gare su, da ya cika sai Bilya ya tsame abin da zai shiga fim ya goge sauran. Duk dariyarsu, duk zaman cin kifi a bakin ruwa, duk inda Ajimi ya cire fuskar kura yana sharce gumi, da ɗan yatsansa ya goge.

Ajimi ne kurar. Amma mutumin kafin ya rikiɗa, Hashim aka ba, wani ɗan gidan 'yan kasuwa mai hasken fata. Bilya ne ya yanke haka, kuma har yau yana jin kunyar abin da ya faɗa a gaban mutane: "Kai masunci ne, rana ta gama da kai. Fuskarka ba ta kyamara ba ce." Ajimi ya yi dariya, ya ɗauki fuskar kurar ya sa. Sau ɗaya kawai ya taɓa roƙo, ranar da suka gama kashi na shida.

"Ko sau ɗaya ka bari in cire a gan ni mana."

"A kashi na bakwai," in ji Bilya.

Ba a yi na bakwai ba. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne suka kalla a intanet, rabinsu ma sun zo dariya ne, wai kura da silifas.

Daga tashar Gashuwa ya hau acaɓa zuwa unguwar Katuzu, kwamfuta a goye, wani ƙunshin buhu a hannu. Ya tarar da Iya Meram a kan tabarma a inuwar rumfa, sanye da baƙin tabarau na asibiti. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sake yi mata ta'aziyya. Ta cire tabaran ta ƙura masa ido.

"Ashe haka kake, Bilya. Da muryar nan taka na ɗauka ƙato ne."

Zaituna ta janyo turmi aka ɗora kwamfutar. Fim ya fara. Hashim ya fito daga cikin gonar shinkafa da fartanya a kafaɗa, kyakkyawa da shi, yana murmushi. Iya ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan ne?"

Zaituna ta dubi Bilya, ta gyaɗa masa kai a hankali. Kalma ɗaya ce, da ya faɗe ta tsohuwar nan za ta kwana da farin ciki, babu mai tona shi. Ya ji ta zo masa har baki. Sai ya ga abin da zai aikata, zai sake ba Hashim fuskar Ajimi ke nan, wannan karon a wajen uwarsa.

"Ba shi ba ne, Iya."

Aka ci gaba har kurar ta fito daga cikin kaba, ta yi kukanta, kukan ya ƙare da ɗan tari wanda Bilya ya kasa yankewa.

"Wannan tarin nasa ne," in ji ta. "To, cire masa abin nan in gani."

"Ba ya cirewa, Iya. Har ƙarshe ba ya cirewa. Ya roƙe ni, ni na hana shi. Inda ya cire kuma na goge."

Bai ɓoye mata komai ba, har maganar rana da kyamara. Zaituna ta juya baya tana share ido da gyale. Iya kuwa ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ta ce kawai, "Allah ya jiƙansa, bai taɓa gaya min ba."

Bilya ya kwance buhun don ba shi da sauran abin yi. "Wannan kaɗai ya rage a wurina."

Fuskar kurar ce, kunne ɗaya ya ɓalle, gashin wutsiyar shanun da suka roƙo a mahauta ya zube rabi, haƙoran ƙashin kifi sun yi ja. Iya ta karɓa tana yatsina, ta juya ta.

"Da me kuka yi wannan mummunan abu?"

"Takardar buhun siminti da kokon rogo. A fuskarsa muka ɗora. Muka shafe shi da man gyaɗa, muka sa masa bututun biro a hanci, ya kwanta a rana har ta bushe. Daga baya muka gina bakin kurar a kai."

"A fuskarsa?"

Ta leƙa cikin. Babu abin gani sai rami mai duhu da tabon gumi. Sai ta rufe ido, ta zura hannu, yatsunta suka fara tafiya a hankali kamar yadda suka saba shekara goma sha ɗaya, daga goshi zuwa karan hanci. A saman girar hagu suka tsaya.

"Ga inda ƙugiya ta yanke shi," ta ce. "Shi ne."

Bilya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wandonsa. Fim ɗin na ta tafiya a kan turmi ba mai kallo.

"Iya, ga tabaranki," in ji Zaituna. "Likita ya ce kada haske ya dame ki."

"Ajiye shi. Ba yanzu zan buɗe ba."