Sunan da Shekari Ya Ara

Shekari bai taɓa kallon fim kafin ya fassara shi ba, wai wannan aikin marasa kai ne. Duk Asabar da yamma zumuntar matan cocinsu a Samaru kan rufe tagogi da zannuwa, a tada janareto, shi kuma ya tsaya gefen talabijin yana juya Turanci zuwa Hausa. Sunayen Turawa na karya masa harshe, don haka sai ya ari na 'yan coci ya liƙa musu. Wanda aka ari sunansa har wani ɗaga kai yake.

Ranar nan faifan da ya hayo daga Sabon Gari na wata yarinya ne 'yar shekara sha biyar. Ya duba benci, ya hango Janet mai ɗinki da 'yarta Marvellous, sai ya nuna yarinyar fim.

"Wannan Marvellous ce," in ji shi.

Aka yi dariya. Janet ma ta yi, ta ji daɗi an tuna da 'yar da tun mutuwar ubanta ba ta cika magana ba.

Sai yarinyar fim ta fara hira da bango. Ta tsige gashinta, ta shaƙe kyanwar gida, tana cewa wata murya ce ta sa ta. Janet ta daina dariya. Shekara guda ke nan tana ɓoye wa duniya cewa Marvellous kan zauna bayan ɗaki tana amsa wa ubanta magana, kuma bikin Ista mai zuwa ake sa ran karɓar ta cikin mawaƙan coci.

Shekari ya ga an natsu, abin da bai saba samu ba, sai ya ƙara gishiri.

"Marvellous ta ɗauki wuƙa. Marvellous na kallon uwarta."

Likitan fim ya yi bayani mai tsawo cewa ciwo ne, yana da magani. Shekari ya taƙaita: "Ya ce mayya ce."

Bibiana, maƙwabciyarsu, ta juyo ba ta ko rage murya ba. "Maman Marvellous, ai ta katanga ina jin taki ma tana yi."

Babu wanda ya ƙara kallon talabijin. Matan da ke bencin suka ja 'ya'yansu, wata ta fara addu'a da ƙarfi, wata ta ce dama idon yarinyar bai taɓa kwanta mata ba. Marvellous ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi.

Janet ta tsani kowa a wurin. Ta fito da 'yarta, tana rantsuwa a zuci ba za ta sake taka cocin ba.

A bakin titi motoci na wucewa, Marvellous ta miƙo hannu su tsallaka tare.

"Mama, Baba ya ce kar ki ji tsorona."

Janet ta janye hannunta, ta sa shi cikin zani.