Ƙafafun Teburin Muftahu

Sau uku Fataw kafinta yana ɗora zarto a ƙafar teburin yana ɗagewa.

"Alhaji, ka tabbata? Shekara ashirin ina aikin nan a unguwar Nima, ban taɓa riƙe katako irin shi ba. Ko ƙusa ɗaya babu a jikinshi."

"Rashin ƙusar ne ya dame ni," in ji Alhaji Garuba. "Yanka."

Ya riga ya sa wa ƙofar falo sakata, ya saki labule, alhali ko azahar ba a kira ba.

Sati biyu ke nan da teburin ya iso daga tashar jirgin ruwa ta Tema, naɗe cikin barguna kamar mai zazzaɓi. Ɗansa Muftahu ne ya aiko shi daga Italiya. 'Ya'yan mutane na aiko firiji, wasu har mota, shi kuwa nasa, bayan shekara tara a Turai, tsohon teburin cin abinci ya aiko wa gidan da kowa a tabarma yake cin tuwonsa. Samansa kamar ƙwai, ƙafafunsa huɗu masu kauri daga sama, sun tsuke a ƙasa.

Muftahu ya yi bayani a waya. Wai wani tsohon Bature da Muftahu ya yi jinyarsa shekara shida, shi ya zana teburin da hannunsa tun yana saurayi, irinsa shida kacal aka yi a duniya, kuma da zai mutu ya bar masa. Alhaji ya saurara ya ce madalla. Amma mutumin da ya shekara talatin yana cinikin albasa a kasuwar Agbogbloshie ya san in dillali ya cika yabon buhu, sai a zazzage shi a duba ƙasa.

Ga kuma kira kullum. Kada a ɗora tukunya mai zafi. Kada a ja shi a siminti. A kula da ƙafafun, Baba, ƙafafun ne komai. Ranar Asabar wani mutum daga unguwar Osu zai zo ya gan shi. Wane mutum? Masani ne, in ji Muftahu. Shekaranjiya kuma a ƙofar masallaci aka yi hirar wani yaron unguwar Maamobi da aka ce an kama da hodar iblis cikin ƙafar kujera, kuma Alhaji zai iya rantsuwa mutum biyu sun saci kallonsa. Da ya dawo ya ƙwanƙwasa ƙafar teburin da zobensa, kunnensa ya gaya masa akwai rami.

Ba kurkuku yake tsoro ba. Tsoronsa a ce yaron da ya riƙe wa hannu zuwa makarantar allo ya zama wani da bai sani ba, har yana ɓoye ƙazanta a ɗakin ubansa.

Matarsa Ƙaltume na tsaye jikin bango, ta harɗe hannu.

"Ɗanka ne fa, Alhaji. Ka tambaye shi mana."

"In har abin da nake zato ne, gaskiya zai gaya mini?"

Fataw ya yi bismillah ya ja zarto. Garin katako ya zubo, ja-ja, mai ƙamshi. Ƙafar ta faɗi. Alhaji ya ɗauka ya juya ta wajen haske. Katako ne tsantsa, babu ko huda.

"Tsaga ta."

Aka tsaga, babu komai. Nan ya kamata hankalinsa ya kwanta, sai dai zargi ba ya barin mutum ya tsaya a rabin hanya. Wa zai cika duka huɗun? Mai wayo ɗaya zai zaɓa.

"Waccan."

"Haba, Alhaji," Fataw ya ce, yana share gumi. "Wanda ya yi abin nan ya san aiki, wallahi. Hannuna ba ya so."

"Waccan, na ce."

Kafin la'asar teburin na kwance a ƙasa, ƙafafunsa huɗu sun zama guntaye takwas a jere kan tabarma. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har da shinshinawa. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa: ɗansa mai gaskiya ne. Bai gama jin daɗin wannan ba kunya ta rufe shi.

Wayar Ƙaltume ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙa masa. Fuskar Muftahu ta cika allon, yana dariya, da hular sanyi a kansa.

"Baba, barka da yamma. Mutumin ya ce in teburin na yadda na faɗa, gidan tarihi ma za su so shi. Da wannan zan dawo gida in buɗe shagona. Ku juya wayar in gan shi."

Alhaji ya dubi Ƙaltume, ta kau da kai. Zai iya cewa ba ya gida. Ya juya wayar.

Fataw ya fara tattara kayan aikinsa. Da yanka kawai Muftahu ya gani, da ya ce kuskure ne. Amma ya ga kowace ƙafa an tsaga ta biyu, cikinta na kallon sama.

Da Muftahu ya yi magana, muryarsa a ƙasa take, cikin ladabi kamar kullum.

"Baba, kun samu?"