Kujerar Jikin Bango

Kwalar rigar ce ta tona asirin Auta. Lokacin da ya kama aiki, da ƙyar maɓallin sama yake shiga. Yau da ya tsaya gaban madubi, sai ga wuyansa yana yawo a ciki.

Tsohon magini yana zaune da kofin shayi, yana kallon ɗan autansa.

"Kai, abinci suke hana ka, ko rigar ce take girma?"

"Aiki ne, Baba. Kowa haka yake farawa."

"Kowa wa?"

Auta ya yi murmushi, ya rusuna, ya suri jaka ya fice.

Cikin 'ya'yan magini shi kaɗai ya kai jami'a, ya kuma fito a gaban ajinsu. Da wani kamfani mai juya wa masu hali dukiyarsu ya ɗauke shi, babu wanda tsohon bai gaya wa ba, har mai gyaran takalmi na bakin layi. Watanni suka shuɗe. Ba mota, ba ofis, ba labari. Yaro ya fita ido jajir, ya dawo ido jajir. Mutane suka fara tambaya, "Ina manajanmu?" Yadda suke jan kalmar ne yake ƙona wa magini rai.

Shi ya sa da Mai Siminti, abokinsa tun suna samari, ya ce yana neman wanda zai riƙe masa lissafin shagunansa, da ofis nasa da yara a ƙarƙashinsa, magini ya ce, "An gama. Farkon wata zai zo." Bai tambayi Auta ba. Bai saba tambayar 'ya'yansa ba.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa lokacin da yake sa hula.

"Malam, ka dai ji ta bakinsa tukuna. Kai da ka yi shekaru kana ɗaukar kwaɓi kafin a bar ka ka aza bulo ɗaya?"

"Ni ban je makaranta ba. Don kada ya ɗauki kwaɓin kowa na kai shi."

"To ina za ka da sabuwar hula?"

"Ɗauko shi."

Ginin kamfanin dogo ne, duk gilashi. Magini ya ƙi shiga lif, ya bi bene yana haki, yana shafa bango da tafin hannu. Filastar ba laifi. Wannan ma ya ɓata masa rai.

Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ce Auta yana cikin taro, ta nuna masa wurin zama. Bai zauna ba, domin bangon ɗakin taron na gilashi ne, kuma ya riga ya hango.

Dogon tebur ne mai sheƙi. A ƙarshensa wata mace mai tabarau, gefenta maza biyu cikin kwat, gabansu wani dattijon baƙo yana magana yana juya zoben hannunsa. Kujeru da yawa a bakin teburin babu kowa a kansu. Auta kuwa yana can jikin bango, kusa da kwandon shara, kan wata ƙaramar kujera, hannuwa bisa gwiwa. Ko biro ba a ba shi ba. Aka yi dariya, bai yi ba. Aka zuba ruwa, ba a zuba masa ba.

Magini ya ƙara matsowa jikin gilashin.

Da baƙon ya fita, mazan suka raka shi. Matar ta juya ta tambayi Auta wani abu. Ya miƙe ya amsa. Ta girgiza kai. A nan magini ya tura ƙofa, ba sallama.

"Ke ce babba a nan?"

Auta ya daskare. "Baba!"

Matar ta miƙe, ta cire tabarau. "Ni ce, Baba. Sannunku da zuwa."

"Waɗannan kujerun na aljanu ne?"

Ta kusa yin dariya, ta danne. "A'a, Baba. Duk sabon ma'aikaci jikin bango yake zama, ni ma can na fara. Ba ya magana, ba ya rubutu, kallo da sauraro ne aikinsa. In baƙo ya tafi, sai in tambaye shi abin da mutumin yake tsoro. Ranar da ya fara faɗa daidai, zai matso tebur."

"Yau fa?"

"Yau ma ya kuskure. Ya ce dattijon nan asara yake tsoro. Ba ita ba ce. Tsoronsa ya mutu 'ya'yansa su watsar da abin da ya tara. Wanda bai ji wannan ba, zai ba shi shawara mai kyau wadda ba tasa ba."

"Sai yaushe ke nan?"

"Ban sani ba. Wani shekara, wani ya fi. Wani ya gaji ya tafi."

"Wanda ya fi kowa a ajinsu?"

"Duk wanda ya shigo nan ya fi kowa a ajinsu, Baba."

Magini ya juya. Ya dubi ɗansa. "Biyo ni."

A kan bene suka tsaya, inda ba kowa. Ya gaya masa maganar Mai Siminti cikin kalmomi kaɗan, kamar yadda yake ba lebura umarni. Auta ya sunkuyar da kai.

"In kun ce in tashi, zan tashi, Baba."

"Sun mai da kai kwandon shara na biyu."

"Wasu ranakun ni ma haka nake ji. Sai in shiga banɗaki in wanke fuska, in rantse gobe ba zan dawo ba." Ya ɗago kaɗan. "Amma da farko ko kusa ba na kaiwa. Yanzu ina zuwa gab, sai in zame. Lissafi na iya shi tun a makaranta. Mutane ne ban iya ba, kuma kuɗin nan na mutane ne. Ina so in zauna har in iya."

"Na riga na yi magana."

"Na sani. Ban taɓa jin kun tayar da maganarku ba."

Wani ma'aikaci ya sauko, ya raɓa su ya wuce. Magini yana jiran yaron ya roƙe shi, ko ya yi gardama, don ya sami abin kamawa. Auta bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya kawai yana kallon fuskar uban, a natse, kamar mai neman wani abu a cikinta.

"Daina kallona haka. Ni ba baƙonku ba ne," in ji magini. Ya gyara hula. "Koma. Bango na jiranka."

Ya sauka bai waiwaya ba.

Da rana tsaka ya isa shagon Mai Siminti. Warin sabon fenti ya tare shi tun daga ƙofa. Abokin ya kama hannunsa yana dariya.

"Sarkin magina! Zo ka ga ofishin ɗanmu."

Ƙaramin ɗaki ne, an shafe shi fari fat. Ga fanka, ga tebur ko ledarsa ba a cire ba. Magini ya tsaya yana kallo. Tun yana saurayi bai taɓa komawa ga mutum ya ce abin da na faɗa jiya ba haka ba ne ba.

"Yaron ba zai zo ba."

Dariyar ta ɗauke. "Ba zai zo ba? Kai fa ka ce an gama. Ko yaran zamani sun fara fin ƙarfinka?"

"Wa zai fi ƙarfina a gidana?"

"To ƙi ya yi?"

Magini ya sa yatsa ya dangwali bangon. Fentin bai bushe ba. Ya goge a gefen rigarsa, a hankali.

"Ni na hana shi," ya ce.