Rufin da Ke Narkewa a Damtsen Malam Ɗantsoho

Da aka sallamo Malam Ɗantsoho daga asibiti a Kano, ya dawo Sandamu da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar damtsensa. Aikinta ta riƙa auna sukarin jininsa tana aikawa waya. Likita ya yi masa dogon bayani, amma abu ɗaya ya riƙe: an shafe na'urar da wani rufi da zai narke a cikin jiki.

Tun daga nan ya daina shan kunu mai zafi da cin duk wani abinci mai zafi. Ya daina zama a rana, alwala ma sai da ruwan randa. Gyaɗarsa ta isa cira, ya ce yara su je, shi ba zai yi gumi ba.

Matarsa, Iya Murjanatu, ta gaji da lallashi, ta kira 'yarsu Fadila, wadda ke aikin jinya a Daura. Ran Juma'a Fadila ta hau acaɓa ta zo. Ta tarar da shi a zaure, ya dafe damtsen da hannu.

"Baba, me ya hana ka cin abinci?"

"Cewa aka yi abin zai narke. In na sa masa zafi ya narke tun lokaci bai yi ba fa?"

Fadila ta zauna a gefen tabarma.

"Ai don ya narke aka yi shi, Baba. Jiki ba ya son baƙon abu, da ya ji shi sai ya nemi lulluɓe shi da tsoka, na'urar ta kasa aiki. Rufin nan shi ke kare ta har wurin ya warke. Yana tafiya a hankali kamar ƙaro a ruwa, jiki ya fitar da shi. Zafin kunu ba ya kaiwa can."

"To ita na'urar?"

"Tana nan. Duba."

Ta nuna masa wayar. Sukarinsa ya yi ƙasa sosai saboda rashin cin abinci. Ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya ce wa Iya ta kawo abin da ke akwai.

Bayan la'asar Fadila ta raka shi gona. Ya tsuguna ya ciro gindin gyaɗa ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya ɓare mata.

"Ta yi," ya ce. "Gobe da safe za mu fara daga gabas."