Ƙarar Injin Baba

Ni na sa aka yanke wa gidan Baba wutar gwamnati, kuma da gadara na yi. Wutar sai ta ga dama take leƙowa, janareta ya cika masa ƙirji da hayaƙi, ga kafaɗarsa kullum ciwo saboda jan igiya. Na sa aka shimfiɗa sola a rufi, aka jera batura a lungun falo, aka tura injin bayan gida. Tun rasuwar Mama shi kaɗai yake zaune, na ce aƙalla ya huta.

Wuta ta zauna daram, fanka ba ta tsayawa. Amma Baba sai ramewa yake yi.

Akwai abin da ban hango ba. A da, in aka ɗauke wuta ya tada inji, nan da nan baranda take cika: tela da dutsen gugarsa, mai aski da abin askinsa, matan layin da wayoyinsu. Kowa ya sa caji sai ya zauna jira, jira ya zama hira, Baba yana tsakiya yana musu da kowa. Ita sola ba ta da baki. Da maƙwabta suka daina jin ƙara, sai suka ɗauka tsoho ya gaji da su, kunya ta hana su tambaya. Shi kuwa ko zai mutu ba zai bi gida-gida yana roƙon a taya shi zama ba.

Wata yamma na kawo masa magani, tun daga bakin titi na jiyo injin yana ruri. Raina ya ɓaci. Na iske shi a bayan gida yana haki, dafe da kafaɗa. Na duba injin, babu waya ko ɗaya a jikinsa, mai kawai yake sha a banza.

"Baba, me ya lalace? Batirin ne?"

"Ba abin da ya lalace, uwata. Gudun kada ya yi tsatsa ne." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ga sallamar tela, rungume da dutsen guga, mai aski yana biye da shi.

"Baba, ashe kana nan! Mun ce ko mun yi laifi ne."

"Laifi kam kun yi. Ku zauna in lissafa muku."

Murna ta cika fuskar Baba. Tausayinsa ya kama ni. Na karɓi kayansu na jona a soket ɗin sola, na jawo kujeru.

Tela ya miƙe ƙafa ya ce, "Kai, Allah ya bar mana wannan inji."

Baba ya saci kallona, kamar mai jiran hukunci.

Na ce, "Amin."